Dámelo: Abin da Na Gani a Bas ɗin Handsworth

Hulme

Ƙarfe biyar da rabi, bayan na idar da sallar asuba, na kulle flat ɗina. Abin da ya fitar da ni nahawun Sifaniyanci ne. Ran Litinin akwai jarrabawa a jami'a, in na faɗi babu ni babu zuwa Granada ta ƙasar Sifen duba tsofaffin littattafan Larabci. Yadda suke liƙa wakilin suna a jikin umarni shi ya gagare ni. Wata ƙawata ta haɗa ni da gwaggonta, Mma Fati, mutuniyar zangon Kumasi, wadda ta shekara tara tana tsinkar tumatir a Sifen, yanzu tana zaune a Birmingham.

Mota ta tashi shida da kwata. Mil tamanin da 'yan kai, ruwa bai tsagaita ba.

Birmingham

Tara saura na sauka. Mma Fati na jirana da lema. Na durƙusa na gaishe ta.

"Tashi, 'yata. Ni fa ko aji ɗaya ban taɓa shiga ba. Me zan koya miki?"

Muka hau bas ɗin Handsworth, unguwarsu. Mun kusa unguwar Lozells sai wata mata ta kurma ihu da Sifaniyanci. Alawa ta maƙale wa ɗanta a maƙogwaro, yaron bai fi shekara biyu ba, leɓensa har ya canja launi. Kowa ya daskare, ni ma haka.

Mma Fati ta miƙe. "¡Dámelo!"

Nan take matar ta miƙa mata shi. Mma Fati ta kifa shi a cinya, ta bubbuga bayansa. A bugu na huɗu alawar ta faɗo, yaron ya tsanyare da kuka.

"Tómalo," in ji Mma Fati a hankali, wato "ungo shi", ta mayar wa uwar da ɗanta.

Muka sauka. Na ce, "Mma, me kika ce mata?"

"Dámelo na ce, gaɓa uku ce: Da, ba. Me, ni. Lo, shi. Ba ni shi. Ke ma ai da Hausa a numfashi ɗaya kike faɗinsa. In kin tsaya rarrabawa, yaro ya tafi."

A gidanta ta zubo min shinkafa da wake da yaji, muka wuni tana umarni da Sifaniyanci ina maimaitawa.

Komawa

Biyar na yamma na hau mota, takwas ina gida. Na gode wa Allah, na gode wa Mma Fati. Da na ɗaga hannu zan yi wa yaron addu'a, sai na tuna ko sunansa ba mu tambaya ba.