Takardun Ɗalibaina a Hannun Mai Ƙosai

A shekarar da aka ɗora mini aikin yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ina koyarwa ne a wata sakandaren gwamnati da ke kan hanyar Kurmin Kogi, a nan Ikara. A lokacin an riga an ce babu ɗalibin da zai zauna jarrabawar fita sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Sai na sa 'yan ajin ƙarshe, su tamanin da uku, kowa ya kawo mini kwafin takardar da aka ba shi, mai ɗauke da hoto da cikakken suna da adireshi da lambar kanta. Da na gama shigar da su a kwamfuta, na ɗaure kwafin da kyauro, na jefa cikin wani kwali a saman kabad, tare da tsofaffin takardun gwaji. Daga nan na manta da su.

Wata Alhamis da aka tashi tara, na fita bakin ƙofar makaranta na sayi ƙosai a wurin dattijuwar da muke kira Inna. Na dawo ofis na buɗe ƙunshin, sai ga fuskar wata ɗalibata tana kallona ta cikin mai. A ƙasan hoton ga lambarta nan, ko ɗaya bai goge ba.

Na ɗaga kai na dubi saman kabad. Babu kwali. Sai a lokacin na tuna an yi wa ofishin fenti a hutu, kuma an ce wa masinjanmu ya kwashe tarkace.

Mun sha jin yadda ake yin rajistar layin waya da lambar wani, a aikata ɓarna da shi, a zo a kama mai lambar alhali bai san komai ba. Yaran nan kuwa 'ya'yan manoma ne da makiyaya, waɗanda iyayensu suka miƙo takardun don kawai malama ta ce a kawo.

Na koma wurin Inna da sauri, har na manta ban gaishe ta ba.

"Lafiya, Malama? Ko ƙosan bai soyu ba?"

"Inna, ki yi haƙuri. Ina kika samo takardar nan?"

"Baba masinja ne ya ba ni, Allah ya saka masa. Ya ce ƙonawa za a yi."

Ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin benci. Na durƙusa a nan gefen kasko ina warewa, ɗalibai suna wucewa suna kallona. Arba'in na samu. Inna ta ce yau ne ta fara naɗe ƙosai da wannan ɗaurin, kuma duk wanda ta sayar wa ɗan makarantarmu ne. Na bi kwandunan shara na ajujuwa da ofishin malamai, na tsinto takwas, duk sun jiƙe da mai. Da wadda ke hannuna, arba'in da tara ke nan.

"Sauran fa, Inna?"

"Na raba da ƙanwata. Awara take soyawa a Nasarawan Doya. Yau mako guda ke nan."

Mako guda. Na shiga wurin shugaban makaranta na faɗa masa komai, ban ɗora wa masinja laifi ba, domin ni ce na ajiye su inda bai kamata ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce, "Malama, bar darasin yau. Je ki yanzu, mu yi magana idan kin dawo."

Na hau acaɓa. Lokacin yankan rake ne, hanya cike da motocin da ke ɗauke da shi zuwa Makarfi, muna ratsa su a hankali. Ni kuwa addu'a kawai nake yi a raina, ina hango takardun nan a warwatse cikin kasuwa, kowa da tasa a hannu.

Na sami ƙanwar Inna a ƙofar gidanta tana tace waken suya. Na gaishe ta yadda ya kamata, na ce mata yayarta ce ta turo ni, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta wanke hannu ta shiga ɗaki, ta fito da wata leda da ta ɗaure bakinta tam.

"Waɗannan ne, 'yata?"

Na buɗe. Su ne, fes da su, ko ɗigon mai babu.

"Mama, ba ki naɗe awara da su ba?"

"A'a. Jikata ta karanta mini, na ji wasu sunayen akwai sunan Allah a ciki. Yaya zan naɗe abinci da shi, a ci a yar a ƙasa a taka? Na ajiye ne sai na sami wanda zan tambaya."

Ni Kirista ce, wannan tunanin bai taɓa zuwa mini ba. Na zauna a kan turminta ba tare da an ce in zauna ba. Na ƙirga, talatin da biyu. Ta ba ni ruwa na sha, ta kuma cusa mini awara a leda, ta ce ba za a ce baƙuwa ta zo gidanta ta koma haka ba.

Saura biyu. Da na dawo na sake tsayawa wurin Inna, tana kwashe kaya za ta tafi gida. Na tambaye ta sauran biyun.

"Biyu?" Ta dafe ƙirji. "Ai da su na hura wuta da safe. Itacen ɗanye ne. Ki yafe mini, Malama."

Na yi dariya har hawaye ya zubo mini, ita kuma tana kallona kamar na zautu. Na ce mata babu abin da ya fi wannan daɗin ji a duk ranar.

Washegari shugaba ya tara malamai. Aka tsayar da cewa ba za mu ƙara karɓar kwafin kowa ba. Ɗalibi zai zo da takardarsa, a shigar da lambar yana tsaye, ya duba, ya tafi da abarsa. Aka kuma sauke wani jerin sunaye da muke liƙawa a allon sanarwa, tunda shi ma akwai ranakun haihuwa a jiki.

Ni ce na roƙi a bar ni in faɗa wa 'yan ajin da bakina. Na tsaya a gabansu na ba su labarin daga farko, na nemi gafararsu, na ce su gaya wa iyayensu a gida. Sannan muka fita bayan ɗakin gwaje-gwaje, na zuba takardun a wani tsohon bokitin ƙarfe, na ƙyasta ashana. Muka tsaya har suka zama toka.

Muna komawa aji, yarinyar da na fara ganin fuskarta ta matso kusa da ni.

"Malama, da gaske tawa ce a ƙosan?"

"Taki ce."

Ta rufe baki tana dariya. "Dama hoton nan bai yi kyau ba. Ranar da aka ɗauka zazzaɓi nake yi."