Mai Awon Cikin Jirgin Nutso

Ranar nan iskar tudu ta taso wa garin Pula tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. Barba Dinko, tsohon da ke share filin ƙera jirage, ya jingina da tsintsiyarsa yana kallon baƙon da aka aiko awo.

Siririn mutum ne, kwat ɗinsa ta ƙoɗe a gwiwar hannu, ga fensir a bayan kunne. Yana rarrafe cikin sabon jirgin nutso, yana tokara sandar awo sama da ƙasa, dama da hagu. Dole cikin ya zagaye cif, in ba haka ba ruwa zai matse shi kamar gwangwani, da mutum goma sha takwas a ciki. A haƙarƙarin ƙarfe na tara na jikin jirgin sandar ta ƙi shiga. Ya ja tsaki, ya sake gwadawa.

"Ranka ya daɗe, bambancin kaurin yatsa ne fa!" in ji Nazario, shugaban maƙera. "Gobe za a tura shi ruwa, har limamin coci an gayyato. Matarka ma haka kake auna ta?"

Maƙera suka kwashe da dariya. Baƙon ko ɗagowa bai yi ba.

"Da kai za a nutse, maigida? In da kai ne, kawo takardar amincewa in sa hannu," in ji shi.

Dinko ya dubi baƙon, ya raya a ransa cewa wannan ya taɓa jiran wani a bakin gaɓa, har yau bai dawo ba.

Baƙon bai sa hannu ba. Washegari wani ya sa, aka tura jirgin ana kiɗa. Shi kuwa baƙon aka ɗauke shi daga aikin, yanzu yana wata ƙaramar tashar ruwa a kudu, yana auna kwale-kwalen masunta.