Yajin Fahita da Turmin Ƙafa na Apo

Jajiberin Babbar Sallar shekarar 1999 bai taɓa fita daga raina ba. Mu uku ne a gidan ranar: ni Kande, mai girki, Alhaji Sabo, ɗan kasuwar Kwari da ya ɗauko ni daga Kano, da Malam Isufu, magidanci daga Maraɗi mai karatun likita, wanda ke yi mana tafinta da cefane. Daga baya mutum biyu suka ƙaru, Apo da mai gidan hayar, za ku ji yadda suka shigo.

Ku da kuka zo yanzu kun tarar da gidajen abinci da allo a ƙofa. A lokacin babu wannan. Ɗakuna ne Alhaji ya kama a hawa na shida, kusa da tashar jirgin ƙasa ta nan birnin Guwanzu. 'Yan kasuwarmu in sun gama yawon kasuwar Shisanhan sai su hau su ci tuwo. Alhaji ke da wurin, ni ke da madafa, kuma ba mai taɓa mini tukunya. Mai gidan, wanda muke kira Lawban, ya san abin da muke yi ya kau da kai, har ranar da na daka daddawa a turmin da na zo da shi. Dakan ya zubo da farin ƙasa daga rufin mutanen da ke ƙarƙashinmu, tsohuwar gidan ta kai ƙara. Lawban ya zo ya ce ƙara ɗaya ta sake zuwa masa, mu kwashe kayanmu. In an rufe wurin, ni jirgi za a sa ni a mayar da ni gida, ga jikoki huɗu a Kurna da tukunyar nan ke ciyarwa.

To, Alhaji ya taɓa zuwa Amurka ya ci wani abinci wai shi fahita. Nama ne ake yankawa siri-siri, a soya da tattasai da albasa, a naɗe a gurasa. Ya yi wa baƙinsa alkawarin shi za su ci ran Sallah, ya dogara da ledar yajin da ya taho da ita. Watan Maris ne kuwa, lokacin da bangon garin nan ke zufa. Da na buɗe ledar, yajin ya dunƙule ya yi furfura.

"Inna, a kankare saman mana," in ji Alhaji.

"Ka kankare ka ci kai kaɗai," na ce. "Isufu, karanta mini abin da ke jikin ledar."

Ya karanto: barkono, busasshen tattasai, tafarnuwa, albasa, gishiri, sukari, masoro, wani ganye, da wani iri da bai san sunansa da Hausa ba. Na shinshina ƙasan ledar na ce irin nan ne da 'yan yankin Shinjan masu gashin nama ke barbaɗawa a bakin titi, suna ce masa ziran. Ya je ya sayo. Ganyen kuwa na maye shi da tayim.

Ga tsarin aikin, don masu koyo. A gida shanya ake yi, a nan shanya jiƙa kaya take yi. Sai na yanka tafarnuwa da albasa kamar farce, na busar da su a kasko kan wuta marar ƙarfi, ina juyawa. Ziran daban, don yana saurin ƙuna. Barkono a ƙarshe. Gishiri ma sai da na soya shi. Kowane ya huce a farantinsa, sai saura niƙa.

Injin markaɗenmu ya ƙone tun watan da ya wuce, masu niƙa a kasuwa kuma ba sa kallon abin da bai kai buhu ba. Alhaji ya jawo turmi da kansa.

"Ki shimfiɗa bargo a ƙasa, ki yi a hankali. Wa zai ji?"

"Marar lafiya zai ji."

"Wane marar lafiya?"

Shi bai sani ba, don da safe yake fita. Ni nake wuni a gidan. Kullum ina jin tarin tsoho daga ƙasa, ina jin warin saiwoyi ana dafawa, kuma kafin warin nakan ji wata ƙara a hankali, gurr gurr, kamar ana mirgina ƙarfe. Na daɗe da sanin niƙa ake yi.

Na jera farantaina a tire, na sa Isufu a gaba muka sauka. Tsohuwar da ta kai mu ƙara ce ta buɗe, 'yar ƙarama, kanta fari fat. Apo ake kiran tsofaffin mata a nan. Isufu ya yi ta bayani, ta dube shi kawai.

"Inna, yaren jami'a daban, na tsofaffin garin nan daban," ya ce.

Sai na ture shi, na nuna mata tiren, na nuna rufinta, na kwaikwayi daka, na girgiza kai. Na kuma yi mata gurr gurr da baki. Sannan ta shiga ta jawo abin: ƙarfe ne dogo kamar kwale-kwale, da faifan ƙarfe mai mariƙi hagu da dama. Isufu ya ɗauka, ita kuma ta biyo mu tana dafa gwiwa, don ba ta yarda kayanta ya tafi ba ta gani ba.

Ta zauna a kujera, ta cire takalmi, ta ɗora ƙafafu kan mariƙan, ta tura faifan gaba ta jawo baya. Alhaji ya miƙe tsaye.

"Subhanallahi! Da ƙafa? Alhazai zan ba abin da aka niƙa da ƙafa? Kuma kin san me suke niƙawa a ciki? Busassun ƙadangaru na gani a kasuwarsu!"

"Ƙafa mariƙi take taɓawa, ba yaji ba. Ƙarfe kuma ruwa na tsarkake shi. Ko kana so a daka, gobe ka ciyar da alhazan a bakin titi?"

Ya zauna. Na wanke abin da sabulu, na ɗauraye, na gasa shi kan wuta har ya bushe. Na yi alwala, na hau kujerar. Da farko faifan ya yi ta kauce mini, Apo tana dukan cinyata tana gyara mini zama kamar 'yarta. Can na kama hannun abin. Na niƙa kowane daban, na tankaɗe. Tattasai ya fi yawa, ziran rabinsa, sauran kaɗan-kaɗan, sukari ɗan tsunkule. Na soya ɗan nama na gwada. Alhaji ya ci, ya ƙara. Apo ta ɗanɗana ta yi atishawa, ta miƙo hannu a ƙara mata.

Muna cikin haka aka buga ƙofa. Lawban ne, fuska a murtuke. Hayaƙin barkonon ya sa mutanen bene tari, wani ya kira shi. Ya buɗe baki ke nan ya hango Apo zaune a tsakiyar madafata, babu takalmi, da nama a hannu. Ita ta yi maganar, da ƙarfi, tana nuna shi da yatsa. Ya sunkuyar da kai, ya nuna mana taga alamar a riƙa buɗewa, ya juya.

"Me ta ce masa?" Alhaji ya tambaya.

"Rabi na ji," in ji Isufu. "Kamar ta ce ita ce mai kai ƙara a benen nan, kuma yau ba ta kai ba."

Abin da nake gaya wa duk wadda ta zo koyon girki wurina ke nan: ki san mai cin abincinki, amma ki fara sanin wanda ke kwance ƙarƙashin madafarki.

Washegari maza suka tafi Idi. Na rungumi ƙarfen na sauka da shi. Na tarar da Apo ta zube saiwoyin mijinta a jarida, tana murza gwiwarta da ta kumbura saboda hawan jiya. Tsohon yana kallona daga gado. Na cire takalmina, na ja kujerar, na ce mata, "Zuba." Ba ta jin Hausa, amma ta zuba.