Muryar Inna a Wayar Baba

A ranin da ya biyo bayan rasuwar Inna, tumatir muka dasa ni da Baba a gonarmu ta ban-ruwa da ke tsakanin Kura da Bunkure. Lokacin duk harkarmu ta koma cikin wata manhajar aika saƙo. A nan shugaban masu ban-ruwa yake sanar da ranar da za a sako mana ruwa a kanal, a nan dillalai suke tambayar ko kaya ya nuna. Baba ba ya karanta boko, saƙon murya yake saurara, shi ma ya danna ya mayar.

Wata safiya na tarar da shi tsugune a bakin kanal, ya ƙura wa waya ido.

"Zo ka duba min, ta ƙi buɗewa."

Na karɓa. Wani rubutu ne ya rufe fuskar manhajar, wai daga yau ta daina aiki a irin wannan waya, ta tsufa. Na kashe na kunna, rubutun yana nan. Na fassara masa.

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya ce ta tsufa? Jiya da la'asar na yi magana da ita. Ko faɗuwa ba ta taɓa yi ba."

"Kamfanin ne, Baba."

"Kamfanin ya zo Kura ne? Waya tana aljihuna, wani yana can wata duniya ya sa hannu ya kulle ta?"

Na ɗauka ruwa yake jiye wa, sai na ce kada ya damu, tawa tana aiki, zan riƙa gaya masa ranar. Can ya ce, "Uwarku tana ciki."

Ashe duk saƙonnin da Inna ta riƙa aiko masa yana gona suna nan, bai goge ko ɗaya ba. Ya taho da albasa, kada ya manta da maganinsa, akuya ta haihu. Ashe idan na gan shi ya zauna ƙarƙashin darbejiya da waya a kunne, ba dillalai yake saurara ba. Ina gefensa kullum, ban taɓa sani ba.

Na kira ƙanwata, wadda take aikin haɗa manhajoji a cikin Kano. Ranar Asabar ta zo da kwamfutarta, ta jona wayar, ta daɗe tana dubawa.

"Yaya, ga su nan ina ganinsu," ta ce, "amma a kulle suke. Manhajar ce kaɗai take iya buɗe su, ita kuma an hana ta tashi."

"To ki gyara mana. Ba aikinki ba ne?"

"Ba a ba kowa damar ganin yadda aka ƙera ta ba. Da irin waɗanda ake barin cikinsu a buɗe ce, kowa ya gani ya gyara, da yau ɗin nan na fito da su. Ko masu ita sun watsar, wasu za su ci gaba da kula da ita."

Ban taɓa sanin akwai irin wannan bambanci ba. Ni a wurina manhaja manhaja ce.

Baba ya ce, "Akwai mai buɗewa, shi ne kuka sa min mai kullewa?"

Ƙanwata ta sunkuyar da kai. "Kowa a nan yake, Baba. Da na sa maka waccan, da wa za ka yi magana?"

Gaskiyarta. Daga baya mun gwada. Ta sa mana wata buɗaɗɗiya, na bi maƙwabtan gona ina roƙo. Kaɗan suka yarda. Shugaban ruwa ya ce ba zai riƙa sanarwa sau biyu ba, dillalai kuwa dariya suka yi min. Kafin a gama tsinkar tumatir, daga ni sai ita muka rage a ciki.

Mun saya wa Baba sabuwar waya, tsoffin saƙonnin ba su biyo ta ba. Ƙanwata ta tattaro waɗanda Inna ta aiko mana mu 'ya'yanta, ta ajiye masa su yadda kowace waya za ta iya kunnawa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi wa Inna addu'a, ya ce waɗannan da mu take magana, ba da shi ba.

Har yanzu ina cikin manhajar da ta yi mana haka, don ruwa da kasuwa suna can. Da mutanenmu za su yarda mu koma buɗaɗɗiya, da ni zan fara fita. Tsohuwar wayar tana hannun ƙanwata, tana yi mata caji lokaci-lokaci kada batirin ya mutu.