Saura Taku Arba'in

Ranar da jakina ya zubar da ni a hanyar Kankiya, motar gyaɗa ce ta danna oda a bayanmu. Jaki ya yi gabas, hulata ta yi yamma, ni kuwa na sauka cikin ƙaya da rigar Juma'a. Masu tallar nono suka yi ta shewa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Malam Jaji na Mawashi. Ya miƙo mini hula ya ce, "Mamuda, me ka ji a ƙirjinka kafin ka faɗi?"

Haka yake. Shi ba likita ba, ba boka ba, tukar igiya ce sana'arsa. Amma tun yana saurayi ko akuya ce ta ƙi dusa ba ya hutawa sai ya gano dalili.

Ummaru, ɗan ƙanwarsa, ya dawo daga yaƙin Bama na Turawa da hannu biyu da ƙafa biyu, aka yi ta barka. Ba a jima ba ya fara zabura, ya shige ƙarƙashin rumbu yana ihu, wata rana har ya shaƙe maƙwabci. Aka sa masa mari a ƙafa, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, shiru. Mai gari ya ce in ya sake taɓa wani sai birni, inda ake kulle irinsu. Ba mu taɓa ganin wanda ya dawo daga can ba.

Jaji ya roƙa a bar masa shi. Duk ranar da ciwon ya tashi sai ya ja layi da gawayi a bangon zaure, ya tsare Kulu, matar Ummaru, da tambaya: me ya ci, wa ya shigo, daga ina iska ta kaɗo? Damina ta wuce, layi uku kacal. Kaka na kamawa bango ya yi baƙi. Mutane suka ce aljanin kaka ne. Jaji ya ce in aljani ne to man fetur yake sha, don duk layin nan ranar wucewar motar gyaɗa ce.

Ya cire marin, ya ɗora masa rama a cinya. Ranar mota sai su zauna can bayan gari suna tuka, hannu ba ya tsayawa har ƙarar ta ɓace. Kowane mako su matsa taku goma wajen hanya. In Ummaru ya zabura su ja baya ashirin, ba faɗa, ba kunya. Kaka biyu suka yi kafin su kai gindin tsamiya, taku arba'in daga hanya. Wasu tsofaffin soja biyu daga Rimaye suka ji labari suka zo, Ummaru ne ma ke nuna musu yadda ake murza rama.

Sai ga wani Bature mai binciken halin ɗan Adam, ni ne tafinta da ɗan Turancina na elemantare. Ya kwafe bangon nan layi-layi, ya tambaya ko Ummaru ya warke. Jaji ya ce, "Saura taku arba'in." Ni kuwa bakina ba ya son gajeriyar magana. Na ce ya warke sarai, har sha'awar mota yake.

Takardar Baturen ta yi suna. Aka ce ana karanta wa masu koyon malanta da masu koyon jinya, har aka buɗe wani gida a birni don koya wa tsofaffin soja sana'a. Sai aka ce a kawo Ummaru ya zama abin misali. Aka aiko mota har ƙofar gida da hantsi, direba ya danna oda don girmamawa.

Ummaru ya keta danga, ya karya wa masinjan da ya zo da motar hannu. Mai gari ya cika maganarsa. A motar nan aka tafi da shi, ɗaure da igiyar da ya tuka da hannunsa, Jaji na bin ƙurarta da gudu har rawaninsa ya warware. Sau huɗu yana zuwa birni a ƙasa, ana ce masa ya dawo wani jiƙon. Kulu har yau ba ta saki ɗakinta ba. Bangon ma Jaji ya hana a shafe.

Bana aka aiko mini da takardar. Na sami Jaji gindin tsamiyar nan yana tuka shi kaɗai, na ce bari in ɗan sa shi dariya.

"Allah gafarta Malam, ka yi suna har ƙasar Turawa. Ga bangonka nan a littafi, saura a naɗa ka Sarkin Gawayi."

Bai ɗaga kai ba. "Karanta mini inda aka ce saura taku arba'in."

Na juya shafi, na sake juyawa, na yi tari. "Babu, Malam."

"To ai kai ka haɗiye su. Jakinka ya fi ka amana, Mamuda. Shi mutum ɗaya ya kayar, kuma ya tashi."