Kafaɗun Ƙofar Alhaji Mutari

Na Allah mutumin Hawandawaki ne, magini ɗan magini, amma a Tasawa ya ci ƙuruciyarsa kuma a nan ya tsufa. Bai yi suna wajen ta da katanga ba. Aikinsa shi ne ƴan filayen nan biyu da ke saura dama da hagu a saman ƙofar zaure, inda baka ya lanƙwasa ya bar kusurwa. Kafaɗun ƙofa yake ce musu. Sauran magina shafe su suke yi su tafi cin tuwo. Shi kuwa sai ya yi kwana uku a kan tsani, da ɗanyar laka da wani tsohon cokali, yana fitar da dagi da takobi da ganye. Dama da hagu ba sa taɓa zama ɗaya. In an yi magana, ya ce ko a jikin mutum wata kafaɗar ta fi wata ɗaukar kaya.

Zaure goma sha ɗaya ya yi wa ado a garin nan. Goma sun tafi. Wasu damina ta ci, wasu ci gaba ya ci, wato bulo da ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Saura ɗaya tal, na gidan marigayi Alhaji Mutari. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Na Allah kan je ya gyara shi, ba wanda ya aike shi, har hannunsa ya fara rawa, matarsa Ramlatu ta ɓoye tsanin.

Sai ga Abdulhakim, ɗan marigayin, ya dawo daga Yamai da ilimi har ya yi masa yawa. Ya tara mu a ƙofar gida ya yi mana bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, cewa zauren nan gadon kakanni ne, dole a kare shi. Mu da muka shekara arba'in muna shan inuwarsa muka gyaɗa kai, mun ƙaru. Kariyar kuwa ita ce a lulluɓe shi da siminti.

Na Allah ya zo yana dogara sanda.

"Ɗana, laka ba ta zama da siminti. Ruwa za shi shiga ta baya, ba shi samun hanyar hita."

"Baba, wagga dabarar zamani ce. Ku huta, kun yi naku."

Aka shafe zauren sumul. An kare zanen ƙwarai, har daga idon mutane. Damina biyu Abdulhakim yana ɗaukar hoto a gabansa. Amma in ba a ji bari ba, a ji hoho: a ta uku, wata safiya bayan ruwa mai ƙarfi, kafaɗar dama ta ɓamɓaro gaba ɗaya, ta hagu ta biyo ta kafin azahar. Lakar da ke baya ta zama kunu, babu dagi babu ganye.

Da aka juya ɓallen simintin, sai ga zanen ya kwanta a cikinsa tsaf, kamar sawu a rairayi. Abdulhakim ya yi ta murna, wai mun gani da idonmu, siminti ya adana tarihi. Ya aika aka taho da tsohon, ya ce tunda ga abin kwaikwayo a hannu, sai ya sake musu wani.

Na Allah ya durƙusa ya sa yatsa a ramin dagin yana bi. Yatsan na rawa, sau uku yana fita daga layi. Wallahi ban iya ci gaba da kallo ba, takaici ya cika ni.

"Wanda ya yi wanga ya daɗe da tahiya, ɗana," ya ce. "Ni ma ziyara nike zo mishi."

Ɓallen yana falon Abdulhakim a Yamai, an ce baƙi na yaba shi sosai. Zauren ya samu bulo da shuɗiyar ƙofa. Na Allah kuma ya sake hanyar zuwa masallaci, ta bayan kasuwa yake bi yanzu, da sandarsa, ko da yake ta ninka waccan ta ƙofar Alhaji Mutari nisa.