Rabin Waƙar Mami Rebeka

Jiya na sake kwaɓa man shafawar nan, ya sake fitowa da gudaji. Na zauna ni kaɗai ina kallon kwanon.

Mami Rebeka ce ta koya mini. Kirista ce, rikicin Bamenda ya koro ta unguwarmu ta New Bell, ta kama ɗaki a gidanmu. Da ta ga ƙafafuna duk faso, ta narka man kaɗanya da manyanga, wato alayyadi, ta ce Ubangiji ya riga ya ajiye maganin fata a jikin itace. Tana juyawa tana waƙar cocinsu, ba ta ajiye cokali sai waƙar ta ƙare.

Na ce, "Mami, har yaushe ake juyawa?"

"Hajja, ni ban san agogo ba. Waƙa ta ƙare, mai ya yi."

"To ni da ban iya waƙar coci ba fa?"

Ta yi dariya. "Ke juya, ni in rera. Ina za ni?"

Bara ɗanta ya ɗauke ta zuwa unguwar Bonaberi, can ta rasu. Sai bayan an binne ta na ji.

Farkon waƙar kawai na riƙe, a hanci nake yin ta. Daidai inda muryarta ke hawa nake tsayawa, hannuna ma ya tsaya, man ya daskare bai haɗu ba.

Shi ya sa na ce a rubuta mini wannan. Ko a cikinku akwai ɗan Bamenda da zai zo in rera masa farkon, ya ƙarasa mini?